Sifika Biyar Domin Kunnen Inna

Ni ce na sayar da sifikokin Baba, kuma da za a mayar da ni wannan ranar, sake sayarwa zan yi. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya zauna jiran inda zan ce na yi nadama.

Guda biyu ne, na katako, kowace ta kawo mini ƙugu. Baba ya saye su tun yana aikin jirgin ƙasa, muna zaune a Sabon Gari kafin mu dawo Samaru. Amfilifayar da ke tuƙa su ta ƙone tun yana da rai, ba a kuma gyara ta ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, har buta sai da aka san ta wace ce, amma ba wanda ya ɗaga ido ya dubi sifikokin. Suka ci gaba da tsayuwa a falo, ɗaya an ɗora mata filas ɗin shayi, ɗaya fitilar ƙwai.

A shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai, lokacin da faifan sidi ya fara korar kaset, mu biyu muka rage a gidan, ni da mahaifiyata da muke kira Inna. Ina aikin buga wa ɗalibai takardu a wani shago bakin titi, ita kuma aikinta kallon fim ɗin Hausa. Ba kallo irin na mutane ba. Inna faɗa take yi da talabijin. Ta tsine wa mugu, ta ba yarinya shawara, ta ce wa alƙali ya ji tsoron Allah. Tun daga zaure nake sanin inda fim ya kai idan na dawo aiki.

Sai hawan jinin ido ya zo ya tafi da ganinta. A asibiti aka gaya mana gaskiya, ba zai dawo ba. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, hamdala ta yi. Amma daga nan ta yi shiru. In bar ta da safe a kan dardumarta ta jingina da bango, in dawo da yamma in same ta a nan, abinci a rufe. Idan na sa mata fim sai ta ce, “Kashe. Hayaniya kawai nake ji, ban san mai magana ba.” Gaskiyarta ce, muryar talabijin ɗinmu kamar ƙuda a cikin gwangwani take. Makantar ba ta ba ni tsoro kamar shirun ba. Ina kallon uwata tana ficewa daga duniya tana zaune.

Wata rana na shiga Sabon Gari sayen tawadar inji, na wuce ta layin masu kayan sauti. A wani shago an kunna abin da ake yayi a lokacin, hom tiyata: ƙananan sifikoki biyar da wata ƙatuwa guda mai gurnani da ake ce wa wufa. Na tsaya a tsakiyar shagon na rufe idona. A cikin sautin, wani ya yi magana a gabana, mota ta wuce ta bayana har sai da na kauce. Mai shagon ya yi dariya. Ɗan kabilar Ibo ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari.

“Hajiya, barci kike a tsaye?”

Na gaya masa zancen Inna, na kuma gaya masa ƙarfina bai kai ba. Da na ambaci tsofaffin sifikokin katako sai ya gyara tsayuwa. Ya ce masu coci da masu kiɗan biki ido rufe suke neman irinsu, in kawo mu yi musaya, in ɗora abin da ya sawwaƙa.

Ranar Juma'a Yaya ya zo gaida Inna kamar yadda ya saba. Shi ne babba a ɗakinmu, yana zaune a Palladan da iyalinsa, mutum ne mai kula, amma yana ganin ba a motsa cokali a gidan nan sai da izininsa. Na raka shi zaure na gaya masa. Sanarwa na yi, ba neman izini ba, kuma ya gane hakan.

“Kayan Baba za ki kai kasuwa?”

“Kayan da shekara da shekaru filas ke zaune a kansu, Yaya.”

“Ke ba ki da hankali. Tsohuwar da Allah ya jarrabta, carbi ya kamata ki sa mata a hannu, ba kiɗa da waƙa ba. Me mutane za su ce?”

“Carbinta na hannunta, ba ta taɓa ajiye shi ba. Mutanen kuma ba su ne ke kwashe abincinta a rufe ba.”

Ya ce ya hana. Na ce na ji. Washegari na yi shatar tasi, ni da direba muka ciccibi sifikokin muka cusa a but, aka ɗaure da igiya. Ban ɓoye ba, da rana tsaka na fitar da su, maƙwabta na leƙe. Da muka wuce mararrabar Palladan ban ma sunkuyar da kai ba. Abin da ya taɓa ni guda ne: da mai shago ya juya ɗaya zai duba, sai ƙamshin turaren Baba ya fito daga cikin katakon. Na ce ya nuna mini yadda ake haɗa sabuwar.

Ya nuna mini. Jar waya a jan baki, baƙa a baƙi, in aka juya sauti zai fito ba jiki. Biyu a gaba, hagu da dama. Ɗaya a tsakiya, ita ce mai ɗauke da maganar mutane. Biyu a baya. Ya nuna mini madannin da ke rarraba sauti ga duka biyar, domin faya-fayan Hausa ba su san da sifikokin baya ba. Sai ya ja kunnena: “Kada ki yi irin na mutanenku. Ki kafa su daidai kunnen mai zaune.”

Na san abin da yake nufi. A unguwarmu duk wanda ya sayi hom tiyata, jera sifikokin yake gaba ɗaya a kan shogilas, manya a gefe, ƙanana a tsakiya, kamar kwanukan amarya. A saƙa wa kowace hula da kwarashi, a ɗora furen roba. Don ido ake sayen abin, baƙo ya shigo ya san an samu. Mu kuwa a gidanmu ido ne babu.

Na ari guduma na buga ƙusoshi daidai kan mai zaune a kujera, na rataye, na kunna. Inna ta saurara kaɗan ta ce, “Mutanen nan a kan rufi suke magana?” Sai a lokacin na tuna Inna ba ta zama a kujera. Tun da aka haife ni a ƙasa na san ta. Na cire ƙusoshin duka, bango ya zama kamar an yi masa tsaga. Na ɗaure idona da ɗankwali, na zauna a kan dardumarta, na jingina inda take jingina, na auna inda kunnena ya tsaya. Daidai gwiwar mai tsaye ne. Nan na sake kafa su, na bi wayoyin ta gindin bango na danne da ƙananan ƙusoshi don kada ta yi tuntuɓe.

Matan maƙwabta suka shigo ganin kaya, suka riƙe haɓa. Ɗaya ta ce wa kaji na kafa wa. Wata ta ce na ɓata kaya mai tsada, ta kawo mini hulunan kwarashi kyauta. Na yi godiya, na rufe kofuna da su.

Akwai wani madanni a rimot da idan an taɓa, sai wani huci ya riƙa zagaya sifikokin ɗaya bayan ɗaya don gwaji. Ina cikin danne-dannena sai na ga hannun Inna ya ɗaga, yatsarta tana bin hucin, gaba, dama, baya.

“Ta bayan nan ta hagu ta cika zaƙewa,” in ji ta. “Rage mata.”

Na rage.

“Ita kuma mai gurnanin nan cinye maganar mutane take. Ba ganga na ce ki kawo mini ba.”

Na sassauta wufa, na ƙara wa ta tsakiya. Muka shafe yammacin muna haka, tana ba da umarni ina bi, tana ce mini kurma. Rabon da ta zage ni da daɗi haka har na manta. Da muka sa fim, wani ya yi sallama a ciki, sautin ya fito ta sifikar da ke kusa da ƙofa. Inna ta gyara mayafi ta amsa, ta ce a shigo. Da ta gane, ta yi dariya har da tari. A ranar ta cinye tuwonta.

Juma'a ta zagayo. Yaya ya shigo ana tsakiyar fim, Inna na gaya wa wani ɗan kasuwa cewa ƙarshensa ba zai yi kyau ba. Ya dubi gurbin sifikokin Baba, ya dubi bangon da na huda, ya dube ni. Na miƙe tsaye, na shirya masa tsaf. Ya taka ya fizge wayar daga soket, falon ya yi tsit.

“An ɗauke wuta ne?” in ji Inna.

“Ni ne, Inna. Na kashe. Wannan ba girmanki ba ne.”

Na fara magana, ta ɗaga mini hannu. Ta juya fuskarta daidai inda yake tsaye, ba ta kuskure ko kaɗan ba.

“Zo nan, babban mutum.”

Ya zo ya durƙusa. Ta laluba ta kama kunnensa, kamar yana ɗan shekara bakwai, ga shi da furfura a gemu.

“Idona Mai shi ya karɓa, na ce alhamdu lillahi. Kunnen kuma kai ne za ka karɓa?”

Ta saki kunnensa.

“Tashi ka mayar,” ta ce. “Ba a gama yi wa mutumin nan shari'a ba.”

Da hannunsa ya mayar da wayar. Ya tsaya jim kamar zai fita, sai ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da ita, domin nan ne ake jin maganar sosai. Inna ta fara ba shi labarin daga farko, wane ne ya cuci wane. Na wuce kicin na ƙara hannu a tuwo.