Saƙon da Ke Tsayawa a Zaure

Shekarun baya can, tun Turawa ba su naɗe tabarmarsu ba, aka sa ni makarantar elementare a nan Potiskum da sunan da ba nawa ba.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai yayansa, wato baffana, ya kwashe mu ni da mahaifiyata zuwa gidansa. Baffa fataucin fatu yake yi, kakanninmu daga Kano suka zo. Ita kuwa mahaifiyata 'yar garin Mamudo ce, da Ngizimanci ta tashi, a ɗakin aure ta koyi Hausa. Hausarta ba ta raba mace da namiji. Sai ta ce, "Akuyar nan ya ci mini dawa," yaran gida su kwashe da dariya, har da ni mara kunya. Shi ya sa ba ta son buɗe baki gaban baƙi. In an yi baƙo, gaisuwa kawai take yi ta koma bakin murhu.

A wancan zamani ba a kai yaro boko, kamo shi ake yi. Mai unguwa ne ke bin gida-gida yana cewa an ce gidan wane ya ba da yaro ɗaya. Da ya zo gidanmu, ɗan baffana ya ambata, wanda yake tsarana. Baffa ya ce to. Washegari aka aske mini kai, aka sa mini wankakkiyar taguwa, baffa ya riƙe hannuna muka fita. A hanya ya ce, "Daga yau in an kira sunan ɗan'uwanka a can, kai za ka amsa. Ka ji ko?" Na ce na ji.

Ban riƙe shi a zuciya ba, ko da can ko yanzu. Mutane sun ɗauka duk yaron da ya shiga boko ya fita daga hannun iyayensa, wasu ma cewa suke har sallarsa sai ta tafi. Shi kuma a lokacin ɗa namiji ɗaya gare shi. Ya duba gidan, ya ga wanda rashinsa zai fi sauƙi, ya miƙa.

Na ce na ji, amma ban ji ba. Kwanakin farko in Malam ya kira sunan, sai in waiga ina neman ɗan'uwana, ina mamakin yaushe ya biyo ni. Sai abokina da muke zama benci ɗaya ya zungure ni da gwiwar hannu, sannan in yi zumbur in ce, "Ga ni, Malam!" Na sha bulala a kan haka, an ɗauka raini ne. Bulala kuwa ta fi kowa iya koyar da suna.

Makarantar tana da masinja, wani dattijo mai jar hula da sanda, shi ne bakin makaranta a cikin gari. Ba takarda ake ba shi ba, tunda ba mai karantawa. Da ka yake ɗauke da saƙo: gobe kowane yaro ya zo da tsintsiya, ran kaza za a ba da hutu, yaronku ya cika makara. Bai san fuskokinmu sosai ba, gidaje ya sani. In ya zo gidanmu sai ya tsaya a zaure ya faɗa wa baffa, baffa ya ce madalla, ya ba shi goro, ya koma kan fatunsa. Nan saƙon yake ƙarewa.

Mahaifiyata ba ta jin komai sai abin da na ga dama na faɗa, ni kuwa abin da ya yi mini daɗi kawai nake faɗa. Ran da aka yi mana lamba, wato rigakafin agana, ganina kawai ta yi na dawo da damtse a tsattsage. Ta riƙe hannun tana juyawa, tana tambaya wa ya yanke ni, ba wanda ya gaya mata za a yi. Wata rana kuma a bakin rijiya wata maƙwabciya ta ce mata, "An ce ɗan maigidanku ya fi kowa lissafi a boko." Ta ce, "Allah ya ƙara masa basira," ta ɗauki tulunta. Sai da na girma ta ba ni wannan labarin.

Ina aji uku, da damina, kurkunu ya fito mini a ƙafar hagu. 'Yan yanzu ba ku san shi ba, ku gode wa Allah. Tsutsa ce doguwa kamar zare, daga ruwan tafki ake samunta. Ƙafa ta kumbura ta fashe, tsutsar ta leƙo, sai a naɗe kanta a ɗan tsinke a riƙa jawowa kaɗan-kaɗan kowace rana. Ba a gaggawa da ita, don in ta tsinke a ciki, mutum na iya gurguncewa. Mahaifiyata ce ke wannan aikin, da safe da yamma. Ni kuwa ina kwance a rumfar ƙofar ɗakinmu, daf da zaure, ko banɗaki sai an ɗauke ni.

Masinja ya zo tambaya, baffa ya ce yaro ba shi da lafiya. Gaskiya ya faɗa, amma da damina kowane uba haka yake cewa, alhali yaro yana gona. Ya sake dawowa, amsa ɗaya. Zuwansa na gaba yana zaune a zaure sai aka ƙwala wa ɗan baffana kira daga waje, da sunan nan da makaranta ta sani, ya kuwa fito da gudu a kan ƙafafu biyu lafiyayyu, ya wuce ta gaban masinja. Dattijo ya ɗauki sandarsa ya tafi. Kashegari ya dawo da saƙo mai nauyi: in yaro bai zo ba, magana za ta je gaban hakimi. Ɓoye ɗan makaranta a lokacin ba ƙaramin laifi ba ne.

Baffa ya shigo cikin gida ransa a ɓace, ya ce wa mahaifiyata, "Gobe a ɗora shi kan jaki a kai shi, su gan shi da idonsu."

Ta ce, "Yaya, ƙafar ba ya taku."

"Jaki ne zai taka, ba shi ba."

"In ya tsinke fa?"

"To so kike a tsayar da ni gaban hakimi?"

Ta gyara tsumman da ke kan ƙafata, sannan ta ce a hankali, "Ba zai hau ba." Tun da muka zo gidan ban taɓa jin ta musa masa ba sai ran nan.

Ni kuma abin da ke cina daban ne. Na riga na kamu da son makarantar. Tsorona shi ne in abin ya tonu, a ce mai suna ya zo ya karɓi sunansa da bencinsa, ni a bar ni da wankin fata.

Ba a kai ga jaki ba. Bayan la'asar ranar sai ga Malam da kansa a kan keke, masinja na biye da shi. Malam saurayi ne a lokacin, mutumin wajen Damagum. Daga inda nake kwance ina jin komai. Aka gaisa, aka sake gaisawa, baffa ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiya, har gaisuwa ta ƙare ba sauran abin tambaya.

Malam ya ce, "Maigida, yaron na zo gani. An ce mini yana kwance, an kuma ce mini yana gudu. Ina so in san wanne ne."

Baffa ya fara, "Ai Malam, ka san sha'anin yara…" ya tsaya.

Sai na ga mahaifiyata ta ajiye muciya, ta yafa mayafi, ta nufi zaure. Ba ta shiga ba, ta tsaya a bayan ƙofar ciki ta yi sallama. Ta ce, "Malam, wanda yake gudu daban. Wanda yake zuwa wurinka, shi ne a kwance. Ni ne uwarsa."

Yaran gida duk suna tsakar gida, ba wanda ya yi dariya.

Can sai Malam ya ce, "Maigida, a yi mini izini in duba shi." Baffa ya ce, "Shiga, Malam," da wata murya da ban san shi da ita ba.

Malam ya shigo ya tsuguna, ya ɗaga tsumman ya duba, ya girgiza kai. Ya ce kada a kuskura a motsa ni, karatu ba ya gudu. Sannan ya tambaye ni sunana na yanka. Na faɗa masa ina kallon ƙasa kamar wanda aka kama da sata. Ya maimaita shi sau ɗaya, ya dafa kaina.

Ya juya wajen baffa, wanda ya biyo shi ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Kwantar da hankalinka, Maigida. An ce in koyar da yaro ɗaya daga gidan nan, na kuwa samu. In na ce sai kowa ya amsa sunansa na gaskiya, rabin ajina zai watse. Wannan na daɗe da sani. Abin da ban sani ba shi ne ga uwar yaro a bayan bango, mu muna ta aika magana tana tsayawa a zaure."

Sannan ya ce mata, "Inna, akwai abin da kike so?"

Na ɗauka za ta ce a mayar mini da sunana. Ba ta ce ba. Ta ce, "In akwai magana a kansa, a faɗa mini. Mai daɗi da mara daɗi." Ta ƙara da cewa, "Yana ganewa kuwa?"

Malam ya ce, "Yana ganewa, Inna. A lissafi ba na biyunsa. Sai dai surutu, kamar an jiƙa gero an kira kaji."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, hawaye na zuba. Shekara uku ɗanta yana wurin mutane, ran nan ne aka fara ba ta labarinsa.

Daga nan masinja ya sake hanya. In ya gama da baffa a zaure, sai ya matso bakin ƙofar ciki ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, uwar ɗan makaranta!" Ta fito ta tsaya, ya maimaita mata saƙon kaf. Sunan ya bi ta har unguwa ta ɗauka. Ni ne dai na sha wahalar wannan sabon tsari. Da na warke na koma, ran da na tsaya kallon shanu a kasuwa na makara, kafin in iso gida labari ya riga ni, ga ta zaune tana jirana da kara a hannu.

Baffa ya yi 'yan kwanaki yana amsa gaisuwarta a taƙaice, daga baya ya sake. Ƙannenmu da aka haifa bayanmu, da kansa ya kai su makaranta, kowa da sunansa. Ni kuwa sunan aro ya zauna mini, da shi na yi aiki, da shi na yi ritaya. Ɗan baffana har ya bar duniya yana tsokanata wai in biya shi kuɗin hayar suna.

Na yi shekaru masu yawa ina koyarwa, kuma wannan abu bai bar ni ba. Na gane cewa makaranta takan ɗauka ta yi magana da gida in ta yi magana da mai gida, alhali sau da yawa wanda ke ɗauke da yaron a zuciya yana can ciki, ba a san da shi ba. Wani kakarsa ce, wani yayarsa, wani matar maƙwabci. Shi ya sa in yaro ya daina zuwa aji, ba na tsayawa a kan ɗan gidan wane ne. In ya dawo sai in ja shi gefe in ce, "Da kake kwance, wa ya zauna a kanka?" Wanda ya ambata, shi nake nema in gaisar.