Zanen 'yar Bengal da lallen da nake yi

Jiya na dawo daga Rurum bayana kamar zai tsage, don wuni na yi a sunkuye ina yi wa amarya da ƙawayenta lalle. Ina kishingiɗe ina latsa waya sai na ci karo da aikin wata mai zane 'yar Bengal. Tun tana budurwa take zana matan ƙauyensu, yanzu har ta yi furfura, kuma ana rataye zanenta jama'a na zuwa kallo.

Na nuna wa Innarmu ɗaya: mata cikin ruwa suna dashen shinkafa.

Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ta gefen ƙugunta ke ciwo. Dubi inda ta dafa."

Na ce, "Inna, ai ni ma zane nake yi."

Ta ce, "Naki na biki ne, 'yar nan. Amarya na fara wanke-wanke zai bi ruwa."

Shekara da shekaru ina sunkuyo, ba ni da abin ratayewa ko a bangon ɗakina.

Masu lalle, ku ma abin na taɓa ku, ko gajiya ce kawai ke damuna?