Katakon da na hana a cire

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na ɗauki Inna a sabuwar motata daga Birnin Kudu zuwa Gwaram.

Lokacin kuɗin mai ne, kowane ma'aikaci na mafarkin mota. Ni ina malamin makaranta, na matsa wa mahaifiyata har ta yarda aka sayar da bijimai huɗu daga garken da ta gada. Ta yarda, amma ba ta sa albarka ba. Ta ce sai ta shiga ta ji tukuna.

A zamaninmu ba a cire wa sabon abu leda, don kowa ya san kai ka fara. Ni kuwa na wuce kowa. Ranar da na je Kano karɓar motar, wani bakanike ya nufo ta da guduma zai shiga ƙarƙashinta, na daka masa tsawa. Na ce yadda ta sauko daga jirgin ruwa haka zan kai ta gida, ko takardar gilashi kada a taɓa.

Tun a hanya na ji ba lau ba. Ko tsakuwa ta taka sai ta yi tsalle, sitiyari na karkarwa a hannuna, a kwana kuma sai mun yi kokawa. Mako uku ina zagin kamfani a majalisa. Na rubuta musu takardar ƙorafi shafi biyu, na ce sun sayar wa bawan Allah jaki mai taya huɗu.

Ana haka Inna ta ce in kai ta gaida yayarta. Na san ranar shari'a ce. Ta zauna a baya kan leda, rungume da gyanɗamar kindirmo da za ta kai tsaraba. Muna barin kwalta muka hau gargada, ledar na zamar da ita dama da hagu, mota na ɗaga ta sama.

"Malam, tuƙin ne ba ka iya ba, ko haka suke yi?"

"Laifin kamfani ne, Inna."

"To, shanuna dai ba su taɓa jefar da ni ba."

Da muka isa, yayar tata, Goggo, ta buɗe gyanɗama sai ga man shanu ya taso, an kaɗe shi tas. Matan gidan suka yi ta dariya, suna cewa in riƙa zuwa duk ranar kasuwa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce a nemo mata mazauni a motar katako, a ciki za ta koma. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Maƙwabcin Goggo tsohon direba ne. Ya kwanta ƙarƙashin motar, sai na ji yana ƙyaƙyatawa.

"Malam, ba su cire maka waɗannan a Kano ba?"

Ashe katako ake cusawa a cikin sifirin, ƙarfen da ke hana mota jijjiga, don kada mota ta yi rawa a jirgi, in ta iso a buge shi. Ya sa jak ya ɗaga ta, ya yi bugu huɗu, ga gutsattsari huɗu a ƙasa. Ban ce masa ni na kori mai guduma ba, amma fuskata ta faɗa.

Da ƙyar Goggo ta lallashi Inna ta sake shiga. Kafin mu bar ƙasar Gwaram na waiga na ga ta yi barci. A ƙofar gida ta sauka, ta dafa motar ta ce, "Allah ya sa albarka, ya tsare hanya. Motar dai ba ta da laifi."

Tun ranar, in abu ya ƙi yi mini daidai, kafin in nemi wanda zan zaga, sai na fara tuna wa na hana aikinsa.