Ni Ma Na So A Sa Ni A Waƙa

Ni mutumin Dauran ne ta ƙasar Zurmi. Mahaifina manomin gero ne, bai taɓa ɗaukar ko zangarniya ɗaya ta wani ba. Da na tasa sai na koyi facin taya, na kafa rumfa a bakin tashar motar Ƙaura Namoda, ina samun abin da zan ci da matata da 'yarmu guda. Ina rubuta wannan ne domin ku matasa, ku ga inda waƙa da hassada suka kai ni.

Ina da aboki, Mamman, tare muka yi karatun allo, tare muka zo Ƙaura. Shi ya zama direba a hanyar Shinkafi, yana jan wata farar mota mai ɗaukar fasinja. Ni nake yi masa faci, kuma ba mu taɓa saɓawa ba.

Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Zamfara an yi ta shagali. Direbobi suka gayyato wani mai gurmi ya yi musu wasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yabo. Da ya zo kan Mamman sai ya daɗe. Ya kira shi na Dauran mai farar mota, wanda fasinja ke barci a bayansa don sun amince. Na tsaya a gefe ina jiran in ji sunana, har aka naɗe tabarmi.

Aka ɗauki wasan a kaset, mai sayar da kaset kuwa rumfarsa na jikin tawa. Tun safe har la'asar sunan Mamman nake ji. In baitin ya zo sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, in riƙa dukan taya da ƙarfin da ya wuce kima. Mutane suka daina kiran sunana, sai "mai facin Mamman". Ranar da na iske matata tana rera baitin tana daka, na daka mata tsawar da ta sa ta kuka, ba ta san laifinta ba.

Wata Alhamis a kasuwar Shinkafi na ji wani kaset daban. Mai kalangu ne yake yi wa ɓarayi waƙa. Yana cewa mai haƙuri ya mutu ba a san sunansa ba, namiji shi ne wanda gari ke kulle ƙofa dominsa. Na saya don dariya, na ce wa kaina. Kafin wata guda na haddace shi. In na saurara sai nauyin nan ya sauka, in ji ni ma wani ne. Tafiyata ta canza, hulata ta karkace, na fara kallon masu gumi a matsayin wawaye, alhali ni ma gumin nake ci.

Na fara da jak ɗin ɗaga mota na wani direba. Ba a gane ba. Na ɗauki tayar safaya, na ɗauki batir, sannan buhun wake daga bayan wata a-kori-kura. Ba yunwa nake ji ba. Kowane ɗauka ina rera waƙar nan a zuciyata, ina sa sunana a gurbin na wani.

Sai na nemi mai kalangun har gidansa, na ce ya sa ni a waƙa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai wa? Mi kay yi?"

Na lissafa masa. Ya yi dariya ya ce, "Wanga ai tsince-tsince na. Tai ka yi abin da gari ka magana, ka dawo."

A lokacin an riga an ƙaddamar da Shari'a, ana ta shela cewa ɓarawo zai rasa hannu. Masu hankali sun tuba. Ni kuwa sai na ga ai yanzu ne suna zai fi tsada.

Wata Juma'a Mamman ya kawo motarsa, ya miƙo mini makulli ya ce, "Abokina, duba man tayar baya, ka matsa da ita inuwa, in an sauko in ɗauka." Yana shiga sahun salla na tayar da ita, na ɗauki hanyar Shinkafi da niyyar in bi ta Jangeru in tsallaka iyakar ƙasa. Ina kunna rediyon motar sai ga mai gurmi yana yabon Mamman. Na fizge kaset ɗin na jefa ta taga.

Ban wuce tashar Shinkafi ba. Babu wanda bai san farar motar ba, waƙa ta sanar da kowa. Wani ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Ina na Dauran?" Nan aka riƙe ni.

A gaban alƙali ban iya kallon komai ba sai hannuna na dama. Alƙali ya tambayi Mamman a ina ya kulle motar. Da ya yi shiru kan makullin, da ban san yadda za ta ƙare ba. Sai ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ban kulle ta ba. Ni na ba shi makulli da hannuna." Alƙali ya ce wannan cin amana ne, ba a yanke hannu a kansa. Aka yi mini bulala a bainar jama'a, aka aika ni gidan yari shekara biyu.

Zan faɗa muku abin kunya. Ko a ranar ban gode wa Mamman ba. Haushi na ji, don na san gobe tasha za ta ƙara yabonsa. Sai da na yi watanni a ɗaure, mahaifina ya rasu ban samu jana'izarsa ba, sannan na zauna na tambayi kaina me mutumin nan ya taɓa yi mini. Na duba, ban sami komai ba. Ranar na yi kukan da ban yi ba lokacin bulala.

Da na fito na je na durƙusa masa, ya ce ya yafe tun tuni. Amma bai sake miƙa mini makulli ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na koma Dauran ina noma, na nemi gafarar Ubangiji, na bi waɗanda na ɗaukar wa kaya ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa.

Ya ku matasa, ku lura da abin da kuke rerawa in kuna ku kaɗai, domin a hankali shi kuke zama. In aka yabi ɗan'uwanku kuka ji zafi a ƙirji, ku yi maza ku yi masa addu'a kafin zafin ya samo muku mawaƙinsa. Ni an bar mini hannuna, amma 'yata ta girma tana jin ana kiran ubanta ɓarawo, kuma babu alƙalin da zai ɗauke mata wannan.