Rijiyar Yaya Halliru a kan hanyar Rabah

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, cikin watan Safar na shekara ta 1283 bayan Hijira, Allah ya karɓi ran yayana Halliru a nan Wurno. Ni Safara'u, ni kaɗai na rage cikin 'ya'yan mahaifiyarmu.

Yaya, mutane sun cika gida suna faɗin kirkinka, amma duk wanda ya ambaci rijiya sai ya rage murya ya ce, "Allah sarki, mai dogon buri."

Tun da ka tarar da wani tsohon matafiyi ya faɗi don ƙishirwa a tudun hanyar Rabah, ka ɗauko shi a bayanka har gida, ka ce sai ka haƙa rijiya a wurin. Masu haƙar rijiya suka ce dutse ne. Kowane rani, da an gama girbi, sai ka koma da diga. Fatake kan leƙa su ce, "Malam, mi kaka nema cikin dutsi?" Ka ce musu, "Ruwanku. Ku dawo baɗi."

A makarantar allo an koya mana cewa mai dogon buri shi ne wanda ya manta da mutuwa. A kasuwa kuwa, wanda ya fara abin da ba ya ƙarewa. Kai ba ka manta ba. Da na kawo maka fura na ce ka tsufa, ka ce, "Ƙanwata, in na tafi, mai zuwa ba zai fara daga sama ba."

Ɗanka Mu'azu ya zo daga Goronyo, ya ce za a cike ramin kafin saniyar wani ta faɗa. Yana da gaskiya. Na je na taɓa ƙasar da ka fitar ta ƙarshe, a bushe take. Ban san ko akwai ruwa ba. Duk da haka na roƙe shi a rufe bakin da itace da ƙaya, kada a zuba ƙasa ina raye. Bai amsa ba tukuna.

Har yanzu da hantsi nakan dama furar mutum biyu.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Ina yi wa matarka Tani ta'aziyya, da Mu'azu da ƙannensa. Allah ya ba mu haƙuri, amin.