Kwanon Rufi a Zauren Shehu

Duk wanda ya shiga zauren Malam Shehu a Ƙofar Guga sai ya karkata kafaɗa kafin ya wuce, saboda tulin kwanon rufi da ke jingine da bango, lulluɓe da tamfol. Baƙo kan ɗauka maigidan gini yake shirin yi. Ni da muka tashi layi ɗaya da shi na san ba haka ba ne, kuma ba na son kallon wajen.

Shehu ɗan tela ne, ya rasa mahaifiya tun yana firamare. Yayarsa Safara'u ce ta raine shi, da cinikin ƙuli-ƙulinta ya yi foliteknik, inda ya karanci ƙiyasin gini. Yanzu a wani kamfanin 'yan kwangila yake, aikinsa ya faɗi nawa gini zai ci tun ba a gama shi ba. Ba duba yake yi ba. Ya sha yi mini bayani a majalisa, ni mai sayar da takalma, har na kusa iya koyar da wani. Abu biyu yake aunawa: kuɗin da suka fita, da darajar aikin da ya tsaya a ƙasa ana ganinsa, bisa farashin da aka tsara tun farko. In naira ɗari ta fita amma aikin saba'in ne ya tsaya, to haka ragowar ginin zai ci gaba da ci, sai ka auna shi da wannan mudun ka san inda kuɗi za su ƙare. Yawancin mutane, in ji shi, aljihunsu kawai suke kallo. Sun kashe rabi, sai su ce aiki ya yi rabi.

A wurin aiki ba shi da kara ko ta sisin kwabo. Alhaji mai gini zai zo da babbar riga yana murnar shagunansa sun fara tashi, Shehu ya zagaya da tef ɗinsa na awo, ya dawo ya gaya masa ido da ido cewa ko ya ƙaro kuɗi ko ya rage bene. 'Yan ofis har suna suka sa masa, Shehu Ba-za-su-isa-ba. Yana jin haushin sunan, amma yana amsawa.

Shekarar da mijin Safara'u ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya a ɗakin haya a Ƙofar Durbi, ta sayar da gonar da ta gada wajen mahaifinsu. Tana da fili a hanyar Batagarawa, ta ce ɗaki huɗu take so da katanga, ta huta da masu gidan haya. Ta ɗora Shehu a kan aikin. Magini kuwa ba sai an nema ba, ga Malam Bala, tsohon magini mai suna a unguwa, mahaifin Ramla matar Shehu. Kowa ya ce abu ya yi kyau, aiki ya zauna a gida.

Malam Bala ba macuci ba ne, wannan zan rantse a kai. Da ido yake aiki kamar yadda ya koya. Ƙasar wurin ta yi laushi, ya ƙara zurfin tushe. Wani bango bai yi masa ba, ya rushe ya sake. Ranar da yashi bai zo ba leburori su wuni a inuwa, ya sallame su cif, don ya ce ba ya cin haƙƙin talaka. Siminti kuma yana ta hawa. Shehu yana gani, amma mutum ne da ke cire takalmi tun daga nesa in zai gai da surukinsa, ya durƙusa, ba ya cin abinci a gabansa, ko sunan Bala ba ya kamawa ko da na wani ne.

Da bango ya kai taga, Shehu ya yi awonsa. Rabin kuɗin sun tafi, aikin da ya tsaya bai wuce ɗaya bisa uku ba. A haka sai an ƙaro rabin abin da aka ware tun farko kafin a gama, Safara'u kuwa ba ta da wata gonar. Mafita tana nan a fili: a tsayar da ɗakunan baya da katanga, a ƙarasa biyun gaba, a rufe, ta tare da 'ya'yanta.

Ranar Asabar ta zo ganin gini, ta zagaya tana shafa bulo, fuskarta kamar ta amarya. A gaban Malam Bala ta juyo ta ce, "Shehu, kai ka karanta abin. Kuɗɗin za su kai mu?"

Tsohon ya riga shi. "Maman Fadila, kwantar da hankalinki. Rabin kuɗɗi, rabin aiki, ga shi kina gani."

Shehu ya sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu, Yaya."

Ya gaya mini daga baya cewa ya yi niyyar samun Safara'u ita kaɗai. To amma in ta rage aikin, Malam Bala zai san bakin wa ya yi magana, ga Ramla a lokacin tana gidansu wankan jego da ɗan fari. Sai ya ce bari ta dawo tukuna. Da Ramla ta dawo ya ce bari a wuce linta, wato zubin simintin saman taga da ƙofa. Kowane mako yana sake awon a ransa, yana ganin kuɗin rufin suna shigewa cikin bulon ɗakunan baya. Ni irin wannan kunyar haushi take ba ni, kuma na gaya masa, ya ce ni ban san nauyin suruki ba tunda nawa ya rasu.

Kuɗi suka ƙare daidai inda ya san za su ƙare. Bango ya kai sama, ga katanga, ga ƙofar ƙarfe mai kyau, babu rufi. Malam Bala ya ce siminti ne, kuma da gaskiyarsa a wani ɓangaren. Safara'u ta ce haka Allah ya so, ta yi musu godiya su biyun, ta ci gaba da zama a Ƙofar Durbi. Damina ta zo ta wuce, ciyawa ta cika ɗakunan.

Tun daga nan Shehu ya canza. Ya daina zama majalisa sosai, ya rame, in an kira shi da sunan ofis sai ya yi kamar an mare shi. Duk ƙarshen wata ya yanki wani abu daga albashi ya sayi kwano, wani watan bandir guda, wani watan 'yan falle, ya tara a zaure. Safara'u ta sha wucewa ta gefen tamfol ɗin, ta ɗauka kayan kamfani ne. Na ce masa ya gaya mata. Ya ce sai ya haɗa katako da ƙusa da kuɗin kafinta, don ba zai iya zuwa gabanta da rabin abu ba. Ya yi ƙiyasi ma, bayan babbar salla komai zai cika.

Kafin sallar, wata la'asar muna zaune a zauren, sai ga Safara'u da leda a hannu. Bayan doguwar gaisuwa ta ce maigidan hayarta ya ninka kuɗi, ta rasa yadda za ta yi, ta sa dillali ya sayar da kangon. An biya, an yi takarda, ta biya haya ta ƙara jari da ragowar. Ba ta shawarce shi ba don ta ga ya wahala da yawa a kan ginin nan, ba ta son ƙara masa. Ta ciro shadda daga ledar ta miƙa masa, tukwicin tsaya mata da ya yi.

Bai karɓa ba. Ya tashi ya yaye tamfol ɗin.

"Naki ne, Yaya. Na ɗaki biyun gaba. Katako ya rage."

Daga nan ya gaya mata sauran, tun daga ranar da bango ya kai taga, da abin da ya auna, da abin da ya kamata a yi. Ni dai na rasa inda zan sa idona. Ta daɗe tana kallon kwanon, ta sa hannu ta taɓa bakin falle ɗaya.

"Kunyar surukinka na gane ta," in ji ta, murya a ƙasa. "Amma Shehu, ni na goye ka. Mi na yi maka da ba ka iya hwaɗa mani?"

Ta ajiye shaddar a kan tabarma ta fita.

Har yanzu yana zuwa gaishe ta duk Juma'a, ta zuba masa abinci, ya ci, ba mai tayar da zancen. Wanda ya sayi kangon ya rufe shi, ya zuba 'yan haya. Kwano ya yi tsada sosai tun lokacin, masu saye sun sha yi wa Shehu tayi, ya ce ba nasa ba ne. Shaddar ma tana nan a kan tamfol ɗin cikin ledarta, bai kai ɗinki ba.