Ƙasar da Na Goga Wa Cizon Kare

Salamu alaikum. Wata biyu ban ce uffan a nan ba. Masu yaɗa cewa an kama ni da kayan jabu a tashar jirgin ruwa ta Nansha, na ga saƙonku, Allah ya shirye ku. Asibiti na kwanta. Saura ƙiris a yanke min yatsu.

Aikina a Guangzhou duba kaya ne kafin a loda kwantena, a wani sito da ke Baiyun. Mai siton, laoban muke ce masa, yana da kare. Fari fat, gashi na ƙyalli kamar tangaran, kunnuwa har wuya. Daga Faransa ya sa aka kawo shi don burga, sai ya ɗaure shi da sarƙa taku uku a bakin ƙofa. Yini yake yana wani dogon kuka kamar ana busa ƙaho. Na tsane shi.

Ran nan sarƙar ta naɗe masa ƙafa, yana ta ihu. Ba tausayi ya kai ni ba, kukan ne ya ishe ni. Na fizgi sarƙar, ya ji zafi, ya kafa min haƙori biyu a bayan hannun dama. Nan take ya saki, ya kwanta yana rawar jiki.

To ga wautar.

Kun san ni da karance-karance ba malami. Na taɓa karanta cewa abin da kare ya sa wa baki a wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Sai na je bakin kwatar sito na ɗebi ƙasa na cusa cikin ciwon, na goge da ƙarfi. Na wanke sauran shidan, na yi la'asar ina jin kaina shehi.

Washegari hannu ya tashi kamar burodi. Na sha farasitamol, na shafa man zafi, na tafi aiki. Kwana na uku wani jan layi ya taso daga wuyan hannu ya nufi gwiwar hannu, haƙorana suna karo don sanyi.

Alhaji Isiyaka, dattijon Maraɗi da muke haya tare a Sanyuanli, ya ga layin ya ce, “Tashi.”

Na ce, “Baba, gobe.”

“Goben wa? Ka san wahalar kai gawa Kano daga nan? Sa takalminka.”

Fasfo, biyan kuɗi, ɗibar jini, hoto, allurar tetanus, allurar haukan kare. Likitar mace ce, ta waya muke magana, tana faɗa wayar na fassarawa. Ta ce me ya kawo yashi cikin ciwon?

Na faɗa mata.

Alhaji ya dafe kai. “Mazubi aka ce, ɗan nan, mazubi! Hannunka ƙwarya ne?”

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki biro ta zagaye iyakar jan. Ta ce in ya tsallake nan, yatsu biyu za su tafi, wataƙila fiye. Na ce ta ba ni tabbacin ba zai tsallake ba. Ta ce, “Meyo.” Babu.

Aka tsaga hannun aka wanke, aka bar shi a buɗe. Ƙarin ruwa da magani ba hutu. Wankin ciwo kowace safiya, wannan kam ba zan kwatanta ba. Zama ya gagare ni, sai in ja sandar ƙarin ruwa in yi ta zarya, ina duba layin biro kamar agogo. Na yi faɗa da nas sau biyu, duka ni ne ba ni da gaskiya.

Na ce wa Umma maleriya ce. Ta ƙura min ido ta bidiyo ta ce, “Yaushe ka fara riƙe waya da hagu? Nuna min ɗayan.” Da ta gani ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Ka rufe bakinka ka bi maganar likita, ko sau ɗaya a rayuwarka.”

A gadon nan na shiga binciken karen, don in samu hujjar cewa mugun iri ne a kashe shi. Alhaji yana fassara min Faransancin. Fosalen sunan irinsu, daga gabashin Faransa. Karen farautar zomo ne, garke-garke suke gudu. Sun kusa ƙarewa lokacin juyin juya halin ƙasar, daga baya aka farfaɗo da su, har yau ba su da yawa. Ba sa gadi, ba su da faɗa. Sai sun yi gudu kullum, sai ana goge musu kunne. Kukan nan da shi suke sanar da maharbi inda suke. Wato shekara guda yana kira, ba mai amsawa.

Hujjata ta rushe. Na fi jin haushin wannan a kan wankin ciwo.

Kwana na biyar a asibiti jan ya tsaya, saura faɗin farce ya taɓa biro. Kwana na shida ya fara ja da baya. Na juya wa bango fuska, kada Alhaji ya gani.

Ranar sallama laoban ya biya rabin kuɗin, ɗaya rabin ya cinye abin da na tara tun azumi. Ya ce zai kawar da karen. Na ce masa karen ya fi shi hankali, shi ya kamata a ɗaure taku uku. Alhaji ya roƙi mai fassarar da laoban ya zo da shi ya rage kaifin maganar. Ƙarshe dai ba a kawar da karen ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan, da Alhaji, da Umma, da ku masu addu'a.

In kare ya cije ka, sabulu da ruwan famfo, ka daɗe kana wankewa, ka wuce asibiti a ranar. In ka ga jan layi, gudu za ka yi. Abin da ka karanta rabi, tambayi malami kafin ka gwada a jikinka. Kuma kada ka sayi dabbar da ba za ka iya ba ta haƙƙinta ba.

Yatsu biyun suna nan, amma ba sa lanƙwasuwa sosai. An ce in riƙa damƙe abu ina ja. Shi ya sa kullum da safe, kafin a buɗe sito, nake naɗa igiyar karen a hannun dama mu bi bakin rafi. Shi ke jana, ni ina zaginsa.

Tun da muka fara bai sake kukan nan ba.